Yara Sun Haddace, Saura Riga

Ku teloli da masu surfani, masu ɗinkin hula da marina, dukawa da 'yan gwanjo, masu wanki da guga, da ku iyayenmu mata masu taka keke a cikin ɗaka, tun daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun. Yau da ku nake. Roƙo na zo yi, amma irin roƙon da ake kai wa mai abu, wanda aka san in ya ɗaura niyya an gama.

A makarantunmu na boko da na Islamiyya, in bikin yaye ɗalibai ya ƙarato, ko walimar sauka, ko ranar ba da kyaututtuka, akan samu malami mai himma ya tara yara su shirya wasan kwaikwayo. Sai su yi makonni suna tsayawa bayan an tashi, ga yunwa ga rana, suna bita har kowa ya haddace maganarsa. Ranar wasa ta zo, iyaye sun cika fili, manyan baƙi sun zauna a gaba. Sai ga wanda aka ce shi ne Sarki ya fito da wandon makaranta, an naɗa masa zanen gado a ka. Ga alƙali, rigar ƙwallo na leƙowa ta wuyan jallabiyar aro. Ga wadda za ta fito a tsohuwa, da hijabin makaranta mai bajo a ƙirji. Tun yaro bai buɗe baki ba an tuntsire da dariya, kuma dariyar ta faɗo a inda mai wasan bai ajiye ta ba. Yaron da ya yi wata guda yana shiri sai murya ta sarƙe masa, saƙon da aka so isarwa ya bi iska. Malamin ya yi iyakar yinsa, amma shi alli ya iya riƙewa. Almakashi a hannunku yake.

Kada wani ya ce muku wasan kwaikwayo baƙon abu ne da aka kwaso mana daga Kano ko Kaduna. Gado ne a ƙasar nan. Littafin Wasan Marafa da aka buga a 1949 yana cikin wasanni na farko-farko da Bahaushe ya rubuta da hannunsa har aka buga, kuma mawallafinsa shi ne Alhaji Abubakar Tunau Mafara. A kan tsafta da amfanin ilimi ya gina shi, 'yan makaranta suka yi ta karantawa suna kwaikwaya. Sai bayan shekara goma Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959, sannan Jatau Na Kyallu a 1960. Marigayi Shehu Jibril, wanda masu kallon talabijin ɗin Sakkwato suka sani da Golobo, wanda ya sa gidaje suka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ma ɗan Mafara ne. In aka koma fagen kiɗa, Makaɗa Musa Ɗanƙwairo, Bakura da Maradun kowace na da bakin cewa nata ne, Sa'idu Faru kuma daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito, ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Maccido kiɗa tun zamansa na Mafara. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba ta daina haihuwa ba. Masu irin basirarsu suna nan zaune a kan benci a aji biyu da aji uku, ba a dai gano su ba tukuna.

Ku tuna kuma da abin da ake yi wa mai fasaha in ya burge a fada. Riga ake tuɓewa a ba shi, a haɗa da rawani, wani lokaci har da doki. Tufatar da mai fasaha aikin sarakuna ne da manyan attajirai tun kaka da kakanni. To ga shi yau abin ya zo hannun mai keke da mai dutsen guga. Ba ku da doki, amma riga kam ku ne masu ita, don ko wadda sarki ya bayar wani tela ne ya ɗinka ta.

Wannan taimako ma ba yau aka fara shi ba. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san tashe. Da azumi ya kai kwana goma sai yara su bazu unguwa-unguwa bayan an sha ruwa, wannan ya yi gemun auduga ya duƙa da sanda, wancan ya rataya ƙunshe-ƙunshen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi wa ɗayarsu shigar namiji a wasan Mairama da Daudu. Wa ya ba su tsohuwar rigar? Baba ne ko kawu. Wa ya ba su zane da ɗankwali? Inna ce ko gwaggo. Ba wanda ya rubuta takarda, ba wanda ya jira kasafin kuɗi. Abin da nake kira a yi shi ne wannan tsohuwar al'ada a shigar da ita makaranta, a sa mata tsari da hannun gwanaye.

In kuna son ku san nauyin tufa a wasa, ku tuna Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi da ya fito a Samanja tsohon soja ne, ya iya maganar bariki, amma da kaki da hula da wannan gashin baki aka fara gane shi, tun bai ce uffan ba mai kallo ya san da wa yake tare. Haka kowane wasa yake. Ido ke fara yanke hukunci, kunne ya biyo baya. Kuma kada ku raina wasan daɓe na yara. Masana'antar finafinan Hausa da yau take ciyar da dubban mutane daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin ta taɓa kyamarar bidiyo.

Abin da ya sa na nufo ku musamman shi ne kuna da ilimin da ba ya cikin littafin makaranta. Tela dattijo ya san bambancin aska biyu da aska takwas, ya san saƙi da tsamiya da barage, ya san rigar da ta dace da hakimi da wadda ta dace da mai unguwa. Mai naɗi ya san rawanin sarauta mai kunne biyu da amawali ba shi ne naɗin malami ba, kuma in aka yi wa liman na cikin wasa naɗin ɗan sarki, dattawan da ke kallo za su ga kuskuren nan take. Mai ɗinkin hula ya san haɓar kada da dara da zanna bukar, da zamanin da kowace ta yi tashe. Baduku ya san walkin maƙeri, ya san yadda ake jera layu a rigar maharbi, ya san fade. Iyayenmu mata sun san ɗaurin kallabin amarya da na uwargida da na tsohuwa, sun san murjani da tsakiya da munduwa. Yaron yau bai san rabin waɗannan ba. Masaƙar Gusau ta daɗe da yin shiru, shaddar waje da gwanjo ya buɗe ido ya gani. A ce yaran Maradun za su yi wasa kan yadda madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta sauya rayuwar manoman bakin gulbi. Wa zai gaya musu irin taguwa da malafar da manomi ke sawa a lokacin, in ba wanda ya ɗinka su ko ya sa su ba? In kuka yi shiru, ilimin nan da ku zai tafi kabari.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, kuma kowa a yankin nan ya san shi. A 2021 ƙananan hukumomin nan uku babu wadda ba a taɓa makarantarta ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙasar Mafara, aka sace ɗalibai, su 279 suka dawo gida ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka kwashi yara 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka tsayar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Yaran da suka ga wannan shekara, da ƙannensu da suka tashi cikin labarinta, sunan makaranta ya haɗe musu da tsoro. Tsaro aikin hukuma ne, muna kuma nan muna kira ta tsaya a kansa. Amma mayar wa yaro da sha'awar makaranta, wannan da mu a ciki. Ranar da uba ya zauna a filin makaranta ya ga ɗiyarsa ta fito cikin shiga ta mutunci tana magana gaban jama'a ba inda-inda, ya ji ana tafa mata, wannan uba ba zai yi saurin cire ta ba. Duk ɗinkin da kuka yi domin wannan rana yana cikin abin da ke riƙe yaro a aji.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. In makaranta ba ta da kayan wasa, abin da malami ke cewa shi ne, "Kowa ya zo da nasa daga gida." Da jin haka an raba yara gida biyu. Wanda mahaifinsa ke da manyan riguna a rataye shi zai zama Sarki ko da bai iya magana ba. Maraya, da ɗan gudun hijirar da iyayensa suka baro ƙauye da kayan jikinsu kaɗai, sai su koma 'yan kallo, ko a ba su bara da dogarin da ba ya magana, alhali wataƙila a bakinsu basirar take. Akwati guda na kayan wasa, mallakar makaranta, shi ke kashe wannan bambanci. Riga ta zama ta wanda ya iya, ko ɗan wane ne.

Na san abin da wasunku za su ce, don ba yau na fara zama a bencin shagon tela ba. Wani zai ce, "Malam, wanga aiki mi za a ba mu?" Wani ya ce, "Ɗinkin mutane ma ya yi mini yawa." Wani kuma ya kawar da kai ya ce, "Ni ban shiga shashanci."

Mai tambayar lada, gaskiyarka, da keken nan kake ci da iyali, kuma ba wanda ya ce ka rufe shago. Amma duba ƙarƙashin teburinka. Buhun ƙyallayen nan da kake rasa inda za ka kai su, a cikinsa akwai hular dogari, akwai facin rigar almajiri, akwai ɗamarar ɗan dambe, akwai jakar boka. Kuɗin zare da allura da ɗan akoko, ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauka, wannan haƙƙinta ne. Abin da ake nema wurinka hannu ne da ido. Mun san aikin gayya a gona: kowa ya zo da fartanyarsa, mai gona ya dama fura, kafin azahar an gama abin da mutum ɗaya zai yi mako yana fama. Tela biyar in kowa ya ɗauki riga uku, an tufatar da yara goma sha biyar, ba wanda ya ji a jikinsa.

Mai kukan lokaci, kai ma gaskiyarka, kuma a nan malamai nake ja wa kunne. Kada ku doshi tela a goman ƙarshe na azumi, ko ana saura mako Babbar Salla, ko farkon zango lokacin da kayan makaranta suka taru masa. Wanda ya je a irin wannan lokaci ya ji "sai bayan Salla", kada ya ga laifin kowa. Ku je bayan Salla, sa'ad da kekuna suka yi sanyi, ku ba da wata guda ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma teloli, in kun karɓa ku cika. An daɗe ana yi muku ba'a da alkawarin tela. Ga wurin da za ku ƙaryata masu faɗa, gaban gari duka.

Mai gudun shashanci kuwa, kai ne ma aka fi bukata. In mutanen kirki suka janye hannu, yara ba za su fasa kwaikwayo ba, sai dai su kwaikwayi abin da suke gani a waya. In kana wurin, kai za ka tabbatar rigar yarinya ta sauka har ƙasa, mayafinta ya wadata, wandon yaro bai matse shi ba. Matan da ke ɗinki a gida su auna 'yan mata, maza su auna maza, kowane ɓangare da wurin sauya kayansa. Tarbiyyar da kake tsoron ta zube, da allurarka za ka kama ta.

To yaya ake aikin? Farko ku nemi a karanta muku wasan tun daga fari har ƙarshe, kada ku yarda da "ɗinka mana rigar sarki" kawai. Ku san mutum nawa ne, wane ne kowannensu, a wane zamani labarin ya faru, sau nawa kowa zai sauya kaya. Attajirin da ya karye a tsakiyar wasa shiga biyu yake bukata, kuma shigar ta biyu ita za ta ba da labarin karyewar tun bai yi magana ba.

Daga nan a bi abu daki-daki: a fara da aro, sai gyara, ɗinki sabo ya zo ƙarshe. Cikin akwatunan gidajenmu akwai rigunan kakanni da ba mai sawa, akwai zannuwan da suka kwana biyu. A buɗe littafi a rubuta sunan mai kaya da abin da ya bayar da ranar mayarwa, don rigar aro guda in ta ɓace, ƙofa goma ta rufe baɗi. Abin da yake da tsada ko tarihi, irin alkyabbar gado, a bar shi a gida, a ɗinka mai kama da shi. 'Yan gwanjo su duba ƙasan dila, kwat ɗin da ya ƙi sayuwa shi ne na likita ko lauya. Ranar Talata a zaga kasuwar Mafara da jerin abin da ya rage, malafa ce, ko gora, ko carbi, ko 'yar jakar fata.

Wajen yanka, ku bar wadata. Yaron bana ba shi ne na baɗi ba, rigar kuwa so ake ta yi shekaru. Ku sa mazagi a wando maimakon zif, ku sa maɗauri a inda za a sa maɓalli, ku zurfafa kalmasa yadda za a iya saki in an samu dogo. Yaron da ke da minti biyu ya sauya kaya a bayan labule, hannunsa na rawa, ba shi da lokacin neman ramin maɓalli. Rawani ma ana iya naɗa shi tun da wuri a kan hula, a kama shi da zare, sai dai a ɗora a ka.

Ku riƙa tuna na layin baya. Surfani mai ƙananan ido da za ka kwana uku kana yi, wanda ke nesa ba zai gan shi ba. Faffaɗan ƙyalle mai haske da aka ɗora a wuya da aljihu ya fi shi aiki a dandali. Ja da kore suka isa su ce ga dogari. In da dare za a yi wasan da hasken janareta, shuɗi mai duhu baƙi zai koma, don haka a gwada launi a irin hasken da za a yi wasan. Kayan talaka da na matafiyi kuma kada su fito fes daga guga. A jiƙa su a ruwan shayi su yi ja-ja, a goga musu toka a gwiwa da kafaɗa, a yi faci da zaren da zai fito fili. Wannan gwaninta ce ta daban, tela ya ɗinka sabo ya mai da shi tsoho da gangan. Gemu a yi shi da auduga ko zaren rama a ɗinke a kan lastik, kada a shafa wa yaro gam a fuska.

Kafin ranar, lallai a yi gwaji sau ɗaya da kaya a jiki, tun daga farko har ƙarshe. A nan za a ga babbar rigar da ke harɗe ƙafa, da ɗankwalin da ke zamewa, da yaron da bai iya saɓa hannun riga a kafaɗa ba. Ku koya masa. Tafiyar mai babbar riga daban take, zaman mai rawani daban yake, kuma da yaro ya ji nauyin kayan a jikinsa sai ka ga muryarsa ma ta sauya. Ranar wasa mutum ɗaya ya tsaya bayan labule ta wajen maza, mace ɗaya ta wajen mata, da allura a zare da fil da almakashi. In an watse, masu wanki da guga su karɓa, a wanke, a goge, a ninke, a sa kafur, a rufe a akwati, a manna jerin kayan a cikin murfi. Bana riga goma, baɗi a ƙara biyar, kafin yaran aji ɗaya su fita makaranta ta tara abin da za ta riƙa ba maƙwabta aro.

Abu uku nake so ku tsaya a kansu ko da malami ya ce a yi. Na ɗaya, kada ku ɗinka kakin soja mai dabbare-dabbare ko wani abu da ya yi kama da kayan jami'an tsaro sak. Doka ta hana farar hula sa su, kuma a halin da muke ciki irin wannan kaya in ya fita daga makaranta yana iya jawo wa yaro da tela abin da ba a so. Yadi mai launi ɗaya da baƙin bel da hula sun isa mai kallo ya gane. Na biyu, Annabawa da Sahabbai ba a kwaikwayonsu, ba a yi musu shiga. Na uku shi ne wanda ya fi bukatar hankali. Mai shirya kaya shi ke nuna wa jama'a kamannin mugu da kamannin na kirki. In duk wasa ɓarawo da malafa da sanda da shigar Fulani zai fito, to mun koya wa yara ƙiyayya da hannunmu, alhali a cikin ajin nan akwai ɗan Fulanin da shi ma an kore wa mahaifinsa shanu. Mugunta ba ta da ƙabila. Ku sa mugu ya fito da shigar da ba ta nuna kowa ba, ku bar alƙali adali ko likita wani lokaci ya zama shi ne mai shigar rugga. Ƙasar da ke neman sulhu tana bukatar teloli masu irin wannan tunani.

Kuma kada ku ɗauka ba abin da zai dawo muku. Yaran shagonku da suka shekara suna sa maɓalli da kalmasa, a nan za su fara yanka da hannunsu, don kayan wasa na yafe ƙaramin kuskure. A nan za su ga yadda ake fitar da wuyan babbar riga da yadda ake haɗa buje, abin da mai kawo ɗinki ba kullum yake nema ba. Wani yaron ma daga cikin 'yan wasan, da ya ga yadda ƙyalle ya zama hula a gabansa, gobe shi zai zo da mahaifinsa a ce, "Ga shi nan, Malam, a koya masa." Malamai kuma ku yi adalci: in mai gabatarwa ya gama jero manyan baƙi, ya ambaci waɗanda suka yi ɗinki da wanki da aro, ɗaya bayan ɗaya, gaban iyaye. Matan da ba su son a kira sunansu a fili, a kai musu godiya har gida. Sama da duk wannan akwai ladar faranta ran yaro, wadda Mai ba da ita ba ya mantuwa.

Lokutan ma ga su nan a jere, ba sai an ƙirƙiro ba. Ranar 27 ga Maris ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya. Ranar 27 ga Mayu ranar yara ce a Nijeriya. Ranar 26 ga Agusta ake bikin Ranar Hausa. Ga bukukuwan ƙarshen shekarar karatu, ga walimomin Islamiyyu. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara, ku da kuke zaune cikin Mafara, ku ma da ku: ku taimaka da rubutun wasa da haske da lasifika, ku bar wa masu sana'a ɓangaren da suka fi ku sani.

Bakura ta ba Zamfara gwamna a 1999, Mafara ta bayar a 2011, Maradun ta bayar a 2019. Garuruwan da suka iya wannan, a ce sun kasa tufatar da yara ashirin na yini ɗaya? Wallahi ba rashin iyawa ba ne, ba a dai tambaye ku ba. To yau an tambaya. Shugabannin ƙungiyoyin teloli, ku sa maganar nan a zamanku na gaba, kowace unguwa ta ɗauki makarantar da ke kusa da ita. Uwargida mai keke a ɗaka, aiki ɗanki ya gaya wa malaminsu kina da hannu a ciki. Baba mai tsohuwar riga a ƙasan adaka, fito da ita ta sha iska. Kai kuma saurayi mai shago a bakin titi, kada ka jira a aiko maka da takarda. Cikin makon nan ka taka zuwa makarantar da ka fi kusa da ita, ka yi sallama da shugabanta, ka ce, "Malam, yaushe yara za su yi wasa? Kayansu na wuyana." Ka tafi da tef ɗinka a aljihu, don wataƙila a ranar za a fara awo.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare idanunku da hannuwanku, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya raya mana yaran nan mu ga amfaninsu. Amin.